Kwana Nawa Akan Jira? Tarihin Jinkiri da Aike a Neman Aure a Ƙasar Hausa

Hausawa suna da karin magana biyu masu ja da juna a kan sha'anin lokaci. Ɗaya na cewa sauri ya haifi nawa, ɗayan kuma na cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Duk saurayin da ya ga yarinya ta kwanta masa a rai, tsakanin waɗannan maganganu biyu yake samun kansa: in ya yi gaggawa a ce ba shi da kamun kai, in ya yi jinkiri wani ya riga shi. A wannan zamani matsalar ta ɗauki wata siffa da malaman lakwal suka saba ji a bakin manyan ɗalibansu, ana kuma gardama a kanta a fadojin shayi na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, wato bayan an karɓi lambar talho, kwana nawa ya kamata a bari kafin a kira?

Tambayar sabuwa ce, ko da yake jiran kansa tsoho ne. Kakannin waɗannan samari sun yi jira, har ma wanda ya fi na yanzu tsawo, sai dai ba su ne ke yanka wa kansu wa'adi ba. Ranar kasuwa, da amsar manya, da hukuncin shari'a, da zagayowar damina da kaka, su ne ke faɗa wa mai nema lokacin da zai yi magana da lokacin da zai yi shiru. Tarihin yadda wannan ƙidaya ta bar hannun jama'a ta koma hannun mutum ɗaya shi ne abin da ya cancanci a duba.

Makon kasuwa da dandali

A karkarar ƙasar Hausa ta farkon ƙarni na 20, wuraren da saurayi da budurwa kan haɗu sanannu ne: dandali da dare lokacin farin wata, wurin biki ko suna, filin kokawa bayan kaka, sai kuma uwa uba kasuwa. Kasuwannin ƙasar Hausa kuwa na mako-mako ne, kowace da ranarta, kamar yadda har yanzu aka san Damagaram da Alhamis, Ƙonni da Laraba, Tawa da Lahadi, Maraɗi kuma da Litinin da Juma'a. Saurayin da ya hangi ƴar wani ƙauye tana tallar fura ko ƙuli-ƙuli a ranar kasuwa ya san ba zai sake ganinta ba sai kasuwa ta dawo. Kwana bakwai ɗin nan ba dabararsa ba ce, kuma yarinyar ba ta da dalilin ɗaukar shirunsa a matsayin raini ko jan aji, domin ita ma ta san nisan da ke tsakanin garuruwansu. A cikin makon ne yake tambayar ƴar gidan wa ce, ko akwai wanda ya riga shi, ya kuma tanadi ɗan abin toshi.

Shaida mafi daraja a kan wannan zamani ta fito ne daga bakin mace. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 ta rasu a 1951, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954. A cikin labarin an ga yadda samari kan zo kasuwa tare da abokansu, da yadda kyauta kan bi ta hannun ƙawar budurwa kafin ta isa gare ta, da kuma yadda ƙungiyoyin samari da ƴan mata suke da shugabanninsu masu sa ido a kan wasa da tsarance. Al'adun Zazzau da na Katsinar Maraɗi ko Gobir ba su zama ɗaya a kowane fanni ba, amma wannan ginshiƙi na aboki da ƙawa duk sun yi tarayya a kansa. Karɓar toshi amsa ce, mayar da shi ma amsa ce, kuma kowace daga cikinsu tana da shaidu.

Ƴan aike da amsar manya

Idan magana ta yi ƙarfi, sai ta tashi daga dandali ta shiga zaure. A nan ma saurayi ba ya zuwa da bakinsa. Kunya ta hana shi fuskantar uban yarinya, ta kuma hana uban yanke magana a kan ƴarsa, musamman in ƴar fari ce. Don haka baffanni da kawunnai da aminan uba ne ke kai goro da kuɗin gaisuwa, waliyyin yarinya ne kuma ke karɓarsu. Amsar farko ba ta cika wuce wannan ba: «Mun ji, Allah ya sa alheri. A ba mu lokaci mu ji ta bakin ƴan'uwa.» Wannan lokaci da ake nema shi ne na bincike, inda ake tambayar asalin yaro, da sana'arsa, da halinsa, da irin riƙon da gidansu ke yi wa mata. Gwaggo da inna su ma suna nasu binciken ta hanyar mata, sau da yawa ma nasu ya fi na maza zurfi.

Kowane mataki yana da sunansa, daga kuɗin na gani ina so, zuwa gaisuwar iyaye, zuwa baiko, zuwa sa rana. Amfanin waɗannan sunaye shi ne, kowa a unguwa ya san inda magana ta tsaya. Idan gidan saurayi suka yi shiru fiye da ƙima bayan an ba su, dangin yarinya suna da ikon aikawa su ce a fito ko a janye, domin kada a tsare musu ƴa a banza.

A birane kuma, inda kulle ya yi ƙarfi, yara ne suka zama wayar da ke haɗa gidaje. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazari a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda matan kulle ke gudanar da ciniki da zumunci ta hanyar yara masu talla da aike, saboda yaro na shiga kowane gida ba tare da shamaki ba. Barbara Cooper kuma, a littafinta na 1997 kan tarihin aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta bayyana yadda kulle ya yaɗu a garin tare da bunƙasar kasuwanci da cuɗanya da Najeriya. Wannan yaron aike shi ne saurayi kan tsayar a ƙofar gida ya ce: «Shiga ka ce ana sallama da wance.» Daɗewar da za ta yi kafin ta fito, ko ta aiko a ce tana aiki, duk harshe ne da ɓangarorin biyu suka iya karantawa.

Wa'adin da shari'a ta yanka

Akwai jira guda wanda aka ƙidaya shi da kwanaki tun ƙarnoni masu yawa, shi ne na mai neman bazawara. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, yana cikin littattafan fiƙihun Malikiyya da almajiran ilimi ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, kuma hukuncin a bayyane yake a cikinsa. Matar da aka saka tana yin idda ta tsarki uku, wadda mijinta ya rasu tana takaba ta wata 4 da kwana 10, mai ciki kuwa sai ta haihu. A cikin wannan lokaci an hana fitowa fili a nemi aurenta. Aya ta 235 ta Suratul Baƙara ta yarda da shaguɓe na mutunci ga mai takaba, amma ta hana ƙulla alkawari a ɓoye. Malikiyya sun tsananta har suka ce wanda ya aure ta a cikin idda ya kuma tare da ita, ta haramta gare shi har abada. Haka nan an hana mutum shiga neman wadda wani ke nema idan an riga an karkata ga na farkon.

A ƙasar da mutuwar aure da sake aure ba baƙon abu ba ne, wannan hukunci ya shafi mutane da yawa. Ita kanta Baba ta Karo misali ce: an fara aurar da ita ga ɗan'uwanta Duma, auren zumunci, alhali zuciyarta na wajen Malam Maigari, kuma sai bayan da auren farko ya ƙare ta yi idda sannan ta aure shi.

Labarin nata yana tunatar da cewa tsarin da ya gabata yana da nasa zaluncin. Fiƙihu ya ɗauki shirun budurwa a matsayin yardarta, ya kuma ba uba ikon aurar da ita. Sau da yawa an fassara shirun tsoro da shirun kunya, aka yi auren dole. Mulkin mallakar Faransa ya fitar da dokar Mandel a 1939, wadda ta shar'anta yardar ma'aurata ta kuma sa shekara 14 ga mace, 16 ga namiji, sai dokar Jacquinot ta 1951 a kan tsadar kuɗin aure, amma tasirinsu a karkara kaɗan ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Wato al'adar da ta koya wa saurayi haƙuri, sau da yawa ita ce ta ƙi yi wa yarinya haƙuri ta girma.

Cin rani, takarda da kaset

Da kuɗin haraji da kuɗin aure suka koma na takarda da ƙarfe a zamanin Turawa, sai neman aure ya ɗaure da tafiya. Saurayi ya gama girbi, ya kama hanyar Kano ko Ikko, ko Kumasi da Ankara, daga baya kuma Abijan da Libiya, da niyyar dawowa kafin shuka ɗauke da turamen zane da kuɗin sadaki. Mutanen Adar sun yi suna a wannan tafiya. Fim ɗin Jaguar na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 aka fitar a 1967, ya bi wasu samari uku na yammacin Nijar zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau, har zuwa dawowarsu gida da tsaraba. Jiran budurwa a nan ya tashi daga mako ya koma wata shida ko bakwai, amma har yanzu yana da iyaka da kowa ya sani, wato faɗuwar ruwan farko. Idan damina biyu ta wuce babu mutum babu saƙo, dangi na da hujjar ba wani.

Ba kullum laifin matafiyin ba ne. Korar baƙi da Gana ta yi a 1969, da wadda Najeriya ta yi a 1983, da farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, duk sun mayar da samari gida hannu rabbana, aka ɗage ranakun aure da yawa, wasu kuma suka rushe.

A wannan zamani ne takarda ta shiga tsakani. Kasancewar masu karatun boko kaɗan ne, wasiƙa kan bi ta hannu da yawa: mai rubutu a bakin gidan waya, ko malamin allo da ajami, sai direba ko ɗan gari mai komawa gida, sai kuma ɗan lakwal ko mushen ƙauye da zai karanta ta a gaban mai ita. Saƙon soyayya da mutum huɗu suka sani dole ya zama mai ladabi, dole kuma mai shi ya tsaya a kan abin da ya faɗa. Da rediyo mai kaset ta wadata a shekarun 1970 da 1980, sai ƴan cin rani suka riƙa ɗaukar muryarsu suna aikowa, a taru a tsakar gida a saurara. Filin zaɓi sonka na gidajen rediyo, irin su Muryar Sahel da Rediyon Kaduna, shi ma ya zama hanyar gaisuwa, inda akan ambaci suna a saka waƙa, mai ita kuma ta gane. Littattafan soyayya na Kano, waɗanda suka cika kasuwa tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka kuma ƙetaro iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram, sun koya wa ƴan makaranta salon rubuta wasiƙa kai tsaye ba tare da tsani ba. Wannan shi ne matakin farko na fitar da aboki da ƙawa daga tsakiyar magana.

Zuwan salula

Kafin 2001, talho a Nijar abu ne na ofis da gidajen manya, kusan layi 2 ga kowane mutum 1,000, sauran jama'a kuwa sai su bi layi a ɗakunan buga waya na ƴan kasuwa. A 2001 kamfanin Celtel ya fara aiki, wanda ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Wasu kamfanoni suka biyo baya, ciki har da Orange a 2008. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta auna tasirin wannan a kasuwannin hatsi tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ɗan kasuwa ba ya buƙatar tafiya kafin ya ji labari. Abin da ya faru da farashin hatsi ya faru da neman aure ta wata fuska: nisan da ke tilasta jira ya gushe.

Daga nan shiru ya canza ma'ana. Wanda ke iya kira a kowane lokaci amma bai kira ba, dole a tambayi dalilinsa. Ko ba shi da kuɗin kati ne, ko caji ya ƙare a ƙauyen da ba lantarki, ko yana jan aji, ko yana da wata? Samari suka ƙirƙiro bip, wato a buga a katse kafin a ɗauka, wanda kan iya nufin «ina tunaninki» ko kuma «kira ni, ba ni da kuɗi». Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, sai wanda bai yi lakwal ba ya sami abin da kaset ya ba ubansa, amma a cikin daƙiƙa ɗaya kuma ba a gaban kowa ba. A 2014 aka ƙara shuɗiyar alamar da ke nuna an buɗe saƙo, ta yadda mai jira yana ganin an ji shi an yi shiru.

Ƙidayar kwanaki a matsayin dabara kuwa tana da nata asalin a wata ƙasa, inda talhon gida ya daɗe da shiga tsakanin samari da ƴan mata. A Amurka, littafin The Rules na Ellen Fein da Sherrie Schneider, wanda ya fito a 1995, ya shawarci mata kada su fara kiran namiji, kada kuma su riƙa saurin mayar da kira. Fim ɗin Swingers na 1996 ya nuna abokai suna gardama a kan kwana nawa namiji zai bari kafin ya kira wadda ta ba shi lamba. Irin wannan tunani, wanda aka fi sani da dokar kwana uku, ya yaɗu ta fina-finai da intanet. Manufarsa ita ce a ɓoye ɗoki domin kada ɗayan ya ga rauni. Jiran ƙasar Hausa na da, ko da yake shi ma yana da jan aji a ciki, an gina shi ne domin a sami lokacin bincike da shiri.

Dogon jira

A bayan wannan ƙaramar tambaya ta kwana biyu ko uku akwai babba. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987 ta kuma farfaɗo da samariya, ta yi ƙoƙarin ƙayyade kuɗin aure, amma tsadar lefe da kayan ɗaki ba ta tsaya ba. A shekarun 1980 kuɗin yuraniyom ya faɗi, ɗaukar ma'aikata ya ragu, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. A cikin waɗannan shekaru na 1990 ne fadojin shayi suka yaɗu a biranen Nijar. Adeline Masquelier, a littafinta na 2019 kan fada, ta nuna cewa zaman dafa shayi hawa uku hanya ce da samari marasa aiki ke ba lokacinsu tsari da ma'ana, yayin da aure da girma ke ta yin nisa da su.

Saurayin da ke iya kiran budurwa sau goma a yini, amma ba zai iya turo manyansa ba ko da nan da shekara uku, yana cikin wani hali da kakansa bai sani ba. Zance ya yi sauƙi, fitowa ta yi wuya. Nauyin wannan kuwa a kan yarinya ya fi sauka, domin ita ce ake ƙirga wa shekaru, ita ce gida ke matsa wa ta fid da miji, kuma alkawarin da aka yi mata a cikin talho da tsakar dare ba shi da baffa ko ƙawa da za su tsaya a kansa ranar da aka musanta.

Kammalawa

Tarihi bai ba da adadin kwanakin da ya dace a jira ba, domin adadin ya sha canzawa: mako guda a zamanin kasuwa, rani guda a zamanin tafiya, wata 4 da kwana 10 ga mai neman wadda ke takaba. Abin da bai canza ba a duk waɗannan shi ne, jiran yana da dalili da ɓangarorin biyu suka sani, yana da ranar ƙarewa, yana kuma da wani na uku da ya shaida. Waɗannan su ne suka kare mutuncin mai nema da wadda ake nema, kuma babu ɗayansu da salula ta hana a riƙe. Saurayin da ya karɓi lamba yau zai iya kira gobe ba tare da ya zubar da girmansa ba, muddin ya faɗi ko shi wane ne da abin da ke tafe da shi, ya kuma yarda a san shi a gida idan magana ta yi nisa.

Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu suna da aiki a nan. Tsofaffin da suka yi toshi a ranar kasuwa, da matan da suka jira kaset daga Abijan, da direbobin da suka ɗauki wasiƙu, da yawansu suna raye a garuruwa da ƙauyuka. Ɗaukar labarinsu, da kai shi aji a tattauna har da abin da ke cikinsa na auren dole da danne muryar ƴa mace, zai ba ɗalibai ma'aunin da za su gwada zamaninsu da shi, ya kuma nuna musu cewa tambayar da suke yi wa juna a fada tana da amsoshi da yawa a cikin gidajensu.